Bidiyon yaron da wandonsa ya zame, da sauran kurakuran 'yan koyo a filin tirenin

Koci Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya, na ce bari in kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Bidiyon yaron nan da wandonsa ya zame yana tsakiyar shuri, na san da yawanku kun gani, wasu har sun ɗora a sitatus sun sa masa kiɗa. Yaron sabon shiga ne, farin bel, ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake ɗaure mazagin wandon, yanzu kuma labarin da ya iso ni ya ce shi da tekwando haihata-haihata, ko ƙofar gidansu ba ya son fita sbd tsokanar yaran unguwa. Abin da nake so mu duba shi ne, wane kuskure ne na dariya kawai a wuce, wanne ne kuma ke kai mutum asibiti, don a ganina mun juya abin, muna ta ƙyaƙyata dariya a kan wando, mai haɗarin kuma ba mai ɗaga murya a kansa.

Ɗan Samaru:
Wa alaikumussalam Koci. Ɗaukar bidiyon kam bai dace ba na yarda, amma dariya ba yadda za a yi a hana ta wlh, kana cikin layi an ce a juya hagu mutum ɗaya ya juya dama ku gwara goshi, ai dole ka dara. Mu a kareti duk sabon da ya zo sai ya ɓace a Heian Shodan, wato jerin motsin da sababbi ke haddacewa, motsi 21 ne kacal amma juyin nan na bayan ihun farko shi ke kada su, sai ka ga kowa ya fuskanci gabas shi ya nufi yamma yana ta tare iska shi kaɗai da iya ƙarfinsa, bai ma san ya rabu da jama'a ba sai ya ɗago ya ga ƙeyar mutane. Ga masu sakin ihu kafin lokaci, wuri tsit sai ka ji mutum ɗaya ya kwarma shi kaɗai.

'Yar Kongo:
Mu namu na ƙirge ne. In koci ya ce sabuwa ta ƙirga mana da Koriyanci sai ta kama hana, dul, set, net, daga nan shiru, sai ka ji ta ci gaba da biyar, shida, bakwai a hankali tana satar kallon koci. Ni ban taɓa ganin laifin wannan ba, ƙirgen dai ya tafi.

Sensei Sabon Gari:
Salamu alaikum. Koci ka kyauta da ka tada wannan magana. Bari in fara da ƙananan kafin in zo kan wanda ke hana ni barci. Rigar judo da ta kareti ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, a Japan gawa ce kawai ake sa wa riga dama a kan hagu, to kusan duk yaron da ya zo ranar farko sai ya juya ta. Bel kuma wani ya ɗaure kamar igiyar takalmi, wani ya bar jela ɗaya har gwiwa ɗayar ɗan guntu, wani yana cikin kokawa bel ɗin ya kwance ya faɗi ya taka shi ya zame. Sai masu hawa tabarma da takalmi, da masu sauka su shiga bayi ba takalmi su dawo su taka inda fuskar wani za ta kwanta. Duk waɗannan minti biyar ya isa a gyara su, kuma laifin ba na yaron ba ne, na babban da ke tsaye kusa da shi ne yana kallo yana jiran a yi dariya.

Ɗan Dambe Ƙofar Doka:
Ranka ya daɗe Sensei ni fa ina da ja. Ku 'yan farar riga kun cika lallashi. A dambe in aka kashe ka a turmin farko gaban jama'a, ga makaɗa ga 'yan kallo ga ihu, wa zai rarrashe ka? Tashi za ka yi ka kakkaɓe ƙasa ka koma gida ka sake shiri. Dariyar nan ita ke sa zuciya ta yi tauri. Yaron da zamewar wando ta kora daga fili dama can ba ɗan fili ba ne, gara ya tafi tun da wuri.

Koci Tudun Wada:
Ƙanena ba ɗaya ba ne. Wanda ya shiga da'irar dambe aka naɗe masa hannu shi ya kai kansa gaban jama'a, ya san za a kalle shi, ya shirya ma kallon. Wannan yaron filin koyo ya zo, wurin da aka yi don a yi kuskure. Kuma dariyar filin dambe a filin take ƙarewa ko ta kwana biyu a bakin mutane, bidiyo kuwa yana nan a wayar kowa har ranar aurensa wani zai iya tono shi.

Ɗan Dambe Ƙofar Doka:
Na bidiyo na ba ka Koci, wannan kam cin fuska ne. Amma ta dariya ina nan a kan bakana.

Sensei Sabon Gari:
To tsaya ka ji dalilin da ya sa ni dariyar ma nake tsoronta. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya abin da yake koya shi ne kar ya sake a ga gazawarsa, kuma a judo wannan tunanin shi ke karya mutane. In an shaƙe ka ko an murɗe maka gwiwar hannu doka ita ce ka bubbuga, sau biyu a jikin abokin karawarka ko a tabarma, in hannu a danne yake ka buga da ƙafa, in ba hali ka yi magana, nan take za a sake ka. Amma samarinmu suna ganin bubbugawa kamar ka ce an fi ƙarfinka ne a gaban ƙannenka, sai mutum ya cije yana zare ido fuska ta kumbura wai shi jarumi. Ita shaƙar judo ba numfashi take fara tsayarwa ba, jijiyoyin gefen wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa take matsewa, in ta zauna daidai daƙiƙa goma ma ba a kaiwa mutum ya tafi, bai san ya tafi ba. Na ga saurayi da idona ya suma a hannun wanda bai kai shi girma ba, da ya farfaɗo har fitsari ya kuɓuce masa, kun ga kunyar da yake gudu ta bubbugawa ta koma goma. Shi wannan Allah ya sa mai shaƙar ya ji jikinsa ya saki ya sake shi da wuri, da wani ne mai zafin kai da yanzu wani zancen ake.

Na biyu faɗuwa. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya kafa makarantarsa Kodokan a Tokyo a 1882, kuma har gobe duk inda ake judo na gaskiya abin da ake fara koya wa mutum shi ne ukemi, wato yadda zai faɗi, kafin a koya masa kada kowa. Ka manna haɓa da ƙirji kar ƙeya ta bugi ƙasa, ka mari tabarma da dukan hannu, ka saki numfashi. Sabo kuwa jikinsa abin da yake gaya masa shi ne ya miƙa hannu ya tokare ƙasa, to nauyinka da na wanda ya kada ka duk su sauka a wuyan hannu ɗaya, shi ne za ka ji ƙas, ko gwiwar hannu ta goce ko ƙashin kafaɗa ya tafi. Kuma abin haushi yaran ba sa son darasin faɗuwa, wai suna birgima a ƙasa 'yan mata na wucewa suna kallo, su dai a koya musu ɗaga mutum sama.

Nas ɗin Hanwa:
Sensei Allah ya saka da alheri, kamar ka shiga zuciyata. Ni a wurin aiki nake ganin ƙarshen wannan kunyar. Yaro zai ji ciwo ranar Asabar ya ɓoye wa koci don kar a ce rago, ya ɓoye wa iyaye don kar a hana shi zuwa, sai bayan kwanaki hannu ya kumbura ya yi baƙi sannan a kawo shi, wani ma an riga an kai shi wurin mai ɗori an ja an ɗaure tamau ba a ɗauki hoto ba. Ban raina masu ɗori ba amma don Allah a fara ɗaukar hoto a san karaya ce ko targaɗe ko gocewa. Wanda ya fi tsorata ni shi ne bugun kai. In yaro ya sha shuri a ka ko ƙeyarsa ta bugi siminti, ko bai suma ba, in yana jiri ko amai ko ciwon kai ko yana maimaita tambaya ɗaya, ranar ya gama tirenin ke nan, a kai shi asibiti, ga asibitin Shika ga na Gambo Sawaba ba nisa, kar a zuba masa ruwa a ka a ce ya koma layi.

Ɗan Samaru:
Anti Nas akwai wani a wurinmu da ya dunƙule hannu babban yatsa a ciki ya kai wa buhun naushi duka da ƙarfi, sai muka ga ya juya baya ya soke hannu a hammata yana murmushin dole, ya ce ba komai. Ashe yatsan ya goce.

Koci Tudun Wada:
Ka ji ko. Babban yatsa waje yake zama a kwance kan manuniya da na tsakiya, kuma ƙasusuwa biyu na farko ke sauka, wuyan hannu a miƙe. Irinsa a shuri ma akwai, mai shurin gaba da bai lanƙwasa yatsun ƙafa sama ba sai ya soka su a gwiwar hannun abokinsa, mai shurin zagaye kuma da ya kafe ƙafar da yake tsaye a kai bai juya ta ba, ƙugu ya juya gwiwa ta tsaya, to gwiwar ce za ta biya. Wannan ba ya ba kowa dariya don ido ba ya ganinsa, sai bayan shekaru mutum ya kasa durƙusawa a sallah. Ga masu zuwa a makare lokacin hunturu, sanyin Samaru da asuba kun san shi, su tsallake ɗumama jiki don kunyar su yi gudu su kaɗai ana kallonsu, su faɗa layi su ɗaga ƙafa sama kai tsaye, jijiyar bayan cinya ta tsinke.

'Yar Kongo:
Koci bari in faɗi namu na mata don in ban faɗa ba ba mai faɗa. Mace kafin ta iso filin nan ta sha gwagwarmaya a gida, an ce mata wasan maza ne, an ce ba mai aurenta, ta lallaɓa ta samu izini da ƙyar. Sai ranar farko ɗankwalinta ya zame ko iska ta kuɓuce mata wajen buɗe ƙafa, abin da ke faruwa da kowa maza da mata, sai samari su kama ƙus-ƙus a bayan layi. Wallahi ba za ta dawo ba, kuma ba ragwanci ba ne Yaya Ɗan Dambe, ita abin da za a je a faɗa a gidansu take tsoro. Kuskuren da nake gargaɗin sababbi a kai shi ne fil ɗin hijabi da ɗankunne da zobe, a cire su duka, fil yana iya shiga wuya in an buga, a sa ƙaramin hijabi mai roba wanda ke shiga ƙarƙashin hular kariya. Kuma hijabi bai hana kowa komai ba, Hedaya Malak ta Masar da shi ta ci tagulla a tekwando a Olamfik na Rio 2016 ta sake ci a na Tokyo, Feryal Abdelaziz kuma ta ci zinare a kareti a Tokyon nan.

Ɗan Dambe Ƙofar Doka:
Ƙanwata ta mata daban, ban ce a yi wa mace dariya ba, ni ma ina da ƙanne. Maza nake nufi.

'Yar Kongo:
Yaya ai yaron bidiyon ma ƙanin wani ne.

Ustaz na Kusfa:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Tunda ana maganar abin da ke sa sabo jin kunya, akwai sunkuyawar nan ta gaisuwa. Na ga yaro an ce a sunkuya ya tsaya ƙiƙam don a gida an gaya masa ba a ruku'u ga kowa sai Allah, aka yi masa tsawa aka yi dariya aka ce ƙauyanci ne. Wannan ba kuskure ba ne, akwai hadisin Anas a Tirmizi da aka tambayi Annabi SAW ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu ya ce a'a. Motsa jiki da koyon kare kai ba mai hana su, kokawar Annabi SAW da Rukana ma an ruwaito ta, amma a bar yaro da abin da ya yarda da shi.

Sensei Sabon Gari:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Mu a wurinmu ba ma tilasta kowa, wanda ya ga dama ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusunar da kai ya wadatar. Sai dai ina gaya wa duk mai niyyar zuwa gasa cewa can dokar wasa ce, alƙali zai nemi ka gaida abokin karawarka, don haka ya je ya tambayi malaminsa tun kafin ranar ya san matsayinsa, kar sai an kira sunansa ya tsaya yana raba ido.

Ɗan Samaru:
Amma Ustaz mu nan Zazzau ba har ƙasa muke durƙusawa mu gaida manya ba?

Ustaz na Kusfa:
Ɗana ita ma malamai sun yi magana a kanta, amma in muka buɗe wannan babin sai mu kwana a nan mu bar maganar Koci. Ka same ni bayan la'asar.

Koci Tudun Wada:
Na gode Malam. Ɗan Dambe bari in dawo kanka da wani abu, don naku 'yan damben in suka shigo tekwando su ma suna da nasu. Hannu ya saba, da an matso kusa sai naushi ya tafi fuska, alhali a tekwando na gasa naushin fuska laifi ne, alƙali zai ba abokin karawarka maki. Naushi a ƙirji maki 1, shuri a jiki 2, a ka 3, in da juyi ne 4 a jiki 5 a ka, haka aka yi a Olamfik na Faris a 2024. Ko ɗaya ban taɓa barin a yi musu dariya ba, don na san in aka yi zuciya za ta hau, na gaba da zai tsaya gabansu shi zai sha haɓo. Kuma kar sababbi su ɗauka su kaɗai ke kuskure. A wasan ƙarshe na kareti na manyan maza a Tokyo, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba da maki ya kai shuri sama ya sumar da Sajjad Ganjzadeh na Iran, alƙalai suka ce ya wuce iyaka suka kore shi, wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya shi ya tashi da zinare. A Olamfik na Beijin 2008 kuma ɗan tekwando Angel Matos na Kuba ya wuce minti ɗayan da ake bayarwa na jinya aka ce ya faɗi wasa, ya fusata ya shuri alƙali a fuska, aka dakatar da shi har iya rayuwa, mutumin da ya taɓa cin zinare a 2000. A gasar Beijin ɗin ce dai Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya tagulla a tekwando. Ni wannan na Matos shi nake kira abin kunya, ba zamewar wando ba.

Ɗan Dambe Ƙofar Doka:
Wannan na dukan alƙali ko a dambe ba a yi. To ni dai in ka tambaye ni, a hana waya a fili na yarda, babba ya gyara wa ƙarami na yarda, amma kar ku mai da wurin kamar gidan makoki, yara na son raha.

Nas ɗin Hanwa:
Ba wanda ya ce a daina raha Yaya, a yi dariya tare da yaro in shi ma yana yi, in ya sunkuyar da kai a tsaya. Ina da ƙari ɗaya, farce. A yanke na hannu da na ƙafa kafin a zo, kuma mai makero ko wani ƙurji ya faɗa ya zauna a gida har ya warke, don a tabarma ɗaya ake birgima, mutum ɗaya zai ɓoye nasa a ƙarƙashin riga ya raba wa kowa.

Maman Khalifa:
Salamu alaikum, ni uwa ce a gurup ɗin nan, karatu kawai nake ban cika magana ba, amma yau dole in tambaya. Yarona yana ta roƙona in sa shi tekwando tun da ya ga bidiyon Alfaga na Nijar ɗin nan da ya ci azurfa a Rio, to amma yana da asma, kuma shi da bakinsa ya ce min don Allah Umma in mun je kar ki faɗa wa koci, za a riƙa ware ni ana ce min mara lafiya. Har na so in biye masa wlh, sai da na karanta abin da Sensei da Anti Nas suka rubuta jikina ya yi sanyi. Ya zan yi da shi?

Nas ɗin Hanwa:
Maman Khalifa don Allah kar ki ɓoye. Masu asma da yawa suna wasanni lafiya lau, amma ki fara kai shi wurin likitansa ya duba shi ya ce ya amince, abin shaƙarsa kuma ya kasance a gefen fili inda koci ya sani ba a ƙasan jaka ba, musamman lokacin ƙurar hunturu da sanyin safiya. Haka masu sikila da masu farfaɗiya, iyaye su faɗa tun ranar rajista, ba sai yaro ya faɗi ana ta yayyafa masa ruwa ba a san abin da ke damunsa ba.

Koci Tudun Wada:
Hajiya ki zo da shi ranar Asabar kafin sauran yara su taru, ki zo da takardar likitan, mu zauna mu uku ni da ke da shi. Ba sai 'yan ajinsa sun sani ba, ni da mataimakina kawai, kuma zan nuna masa alamar da zai yi min da hannu in ƙirjinsa ya fara riƙewa ya fita layi kamar zai sha ruwa. Kaya kar ki saya tukuna, wandon motsa jiki da riga mai sauƙi sun isa watan farko har mu ga yadda jikinsa ya karɓa.

Maman Khalifa:
To Koci na gode Allah ya saka. Ƙarfe nawa?

Koci Tudun Wada:
Bakwai saura kwata in sha Allah. Ya ci abu mara nauyi kafin ku fito, ku taho da ruwa.